Yatsu Arba'in da Uku

Litinin, 6 ga Yuni, bayan Azahar

Yau ma an ɗage. Karo na takwas ke nan.

Na isa kotu tun ba a buɗe ƙofa ba, na zauna a benci na biyu inda iskar fanka ke ɗan kaiwa. Kujerar alƙali tana nan yadda na bar ta watan jiya. Masinja ya goge tebur, ya ajiye kofin ruwa da murfi a kai, alhali wata goma ke nan babu wanda ya zauna a wurin. Tun da aka yi wa tsohon alƙalin canjin gari ba a naɗa wani ba. Akawu ya kira sunan ɗana Tanwir da na sauran mutum goma sha uku, ya rubuta huɗu ga Yuli, ya rufe fayil. Ba mugu ba ne, shi ma ya gaji da ganin fuskokinmu.

Ba a kawo su daga gidan yari ba. Wai a kawo su gaban wa.

Baji Shagufta, lauyar ƙungiyarmu ta mata, ita ta ba ni wannan littafi. Ta ce in riƙa rubuta kowace rana da aka ba mu da abin da aka faɗa, don wata rana za a tambaya. Na ga shafukan da yawa, sai na ce bari in riƙa zuba har da abin da ba za a tambaya ba. Ina da shekara arba'in da tara na fara riƙe alƙalami, a ajin mata na ƙungiya, bayan rasuwar mahaifin Tanwir. Har yanzu a hankali nake rubutu, amma ina isa inda za ni.

Abin da ya faru a masana'antar gurzar auduga ba zan rubuta shi a nan ba. Wuta ta tashi a sito, aka kwashe waɗanda suka yi magana a taron ma'aikata. Iyakarta ke nan. Sauran alƙalan garin sun ce irin wannan shari'a kotun nan kaɗai ke da ikon saurarenta, har maganar beli. Kotun kuma babu kowa a kujera.

Laraba, 8 ga Yuni, da yamma

Ranar ziyara. Na kai masa gurasar roti da yajin mangwaro. Ragar waya biyu ce tsakaninmu, mutum wajen talatin kowa yana ɗaga murya, sai ka karanta bakin naka kafin ka gane abin da ya ce.

Babu takalmi ya fito. Na tambaye shi, ya ce takalman ne suka rame saboda abincin gidan bai karɓe su ba. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ƙafafunsa sun kumbura har idon sawu ya ɓace.

Likitan gidan yari ya ce ƙoda ce. Ya ce magani sai babban asibitin birni, fita zuwa can kuma sai da takardar kotun da ke riƙe da shari'ar.

Na dawo na wanke kwanukan da na riga na wanke da safe.

Juma'a, 10 ga Yuni, da hantsi

Bari in rubuta abin daɗi, yau akwai shi.

Ƙararmu ta kammala. Mu mata arba'in da uku ne, kowace tana da wani nata da ke jiran wannan kujera, miji ko ɗa ko ɗan'uwa. Za mu roƙi Babbar Kotu ta birni ta tilasta wa masu naɗa alƙalai su cike gurbin. Baji ta ƙara da wasu buƙatu: a riƙa bayyana sunayen waɗanda ake son naɗawa kowa ya gani, a faɗi dalilin zaɓensu, a sa mata a ciki. Idan ta fara wannan magana idonta har ƙyalli yake yi. Ni na ce mata ko wa za a zaunar, a zaunar, in dai yana da kunne. Ta ce, "Khala," wato inna, "wanda aka zaunar a ɓoye kunnensa na wanda ya zaunar da shi ne." Maganar ta bi ni gida.

Sunana ne na farko a takardar. Manzuran Bibi da wasu mutum arba'in da biyu.

Da Baji za ta tafi taro Lahor ta bar mini takardun rantsuwa, ɗaya ga kowace mace. Ni kuma na yi abin da na daɗe ina so. Mako uku ina tara su a tsakar gidana bayan La'asar, ina koya wa kowace rubuta sunanta. Na ce musu alƙalan birni su ga cewa mutane ne suka zo, masu suna, su daina ganin tabon tawada. Sughran, ƙawata mai aiki a gidan gasa bulo, ta ce nata sunan ya yi kama da tururuwa ta faɗa tawada ta fito tana neman gida. Amma ta rubuta. Dukansu sun rubuta. Shah Ji, tsoho mai shaida takardun rantsuwa da ke zama da hatiminsa a ƙarƙashin bishiyar harabar kotu, ya buga wa kowace takarda hatimi yana hira da mai shayi.

Ranar Litinin Baji za ta kai. Ta dawo jiya a gajiye, na miƙa mata su a ɗaure cikin leda, ba ta kwance ba.

Litinin, 13 ga Yuni, da Magariba

An kai. Na dafa shinkafa mai zaƙi na raba wa maƙwabta, ban gaya musu dalili ba.

Talata, 14 ga Yuni, bayan La'asar

An dawo da ita.

Baji da kanta ta zo gidan, ta zauna a bakin gado ba ta cire takalmi ba. Magatakardan Babbar Kotu ya ƙi karɓa. Ya ɗora kowace takarda kusa da hoton katin shaidar mai ita. A katin, inda ake sa hannu, yatsa ne aka dangwala, don lokacin da muka yi katin babu wadda ta iya rubutu. A takardar rantsuwa kuma suna ne a rubuce. Ya ce shi bai san ko mace ɗaya ce ta zauna ta rubuta duka ba. Abin da ke kan kati shi zai gani a takarda. Har da tawa.

Baji ta ce laifinta ne da ba ta duba ba. Ba laifinta ba ne. Ranar da za ta tafi ta ce mini, Khala, a dangwala musu. Na ji sarai. Na ɗauka raina su ta yi, irin na 'yan birni, na ce a raina bari in nuna mata.

Ƙarshen watan nan Babbar Kotu za ta tafi hutun zafi, wata biyu. Idan ana so a saurare mu kafin nan, dole takardun su koma hannun magatakarda ranar Juma'a, ashirin da huɗu. Kwana goma. Na tambaye ta ko za a iya shigarwa da sunan mutum uku ko huɗu kawai, ya fi sauri. Ta ce za a iya, amma sai su ce matsalar gida uku ce, su ba mu haƙuri. Arba'in da uku kuwa matsalar gari ce.

Wata biyu. Na tuna ƙafafunsa.

Laraba, 15 ga Yuni, bayan Asuba

Ni na ɓata, ni zan gyara. Na ce wa Baji ta buga sababbin takardu.

Alhamis, 16 ga Yuni, da yamma

Tara yau.

Dole Shah Ji ya ga kowane yatsa da idonsa, don yanzu shi ma ya tsorata. Baji ta lallaɓa shi ya yarda ya bi ni a rikisha, keken hayar nan mai ƙafa uku, da hatiminsa da ɗan akwatin tawada a cinya. Tun daga kasuwa har unguwar masaƙa yana mita, wai shekara talatin mutane ke zuwa wurinsa, yau ga shi yana bin gidaje kamar mai tallan awarwaro.

Wahalar rana ba komai ba ce. Wahalar ita ce in tsaya a ƙofar macen da na ce wa yatsa na waɗanda ba a ɗauka mutane ba ne, in miƙa mata tawada. Zarina ta naɗe hannunta cikin mayafi ta ce ita ta daina, ta nuna wa jikokinta sunanta a rubuce, ba za ta koma baya ba. Na ce mata sunan yana nan a hannunta, babu magatakardan da zai ƙwace shi, amma mijinta yana can ciki. Na ce ni ce na yi kuskure, ta yafe mini. Ta daɗe tana kallona, sannan ta fito da hannun. Ba ta yi mini sallama ba da zan tafi.

Shah Ji ya ce in fara dangwala tawa tunda sunana ne a sama. Na ce sai na ƙarshe, in kowa ta gama. Gaskiya kuwa ban shirya ganin yatsana da shuni ba tukuna.

Asabar, 18 ga Yuni, bayan Isha'i ba da jimawa ba

Talatin da ɗaya. Saura sha ɗaya na gidan bulo, sai ni.

Mun je gidan bulo da La'asar. Sughran ce ta fara. Ta danna, ta ɗaga, sai ga dunƙulen shuni sumul kamar an ɗiga miya, babu zane ko ɗaya. Ta sake, haka. Muka gwada ta biyu, ta uku, duk haka. Laka da yashi sun cinye zanen yatsunsu. Na ce a gwada na hagu. Shah Ji ya ce ka'ida mace dama, namiji hagu, kuma ko an yarda, na hagun ma duba su. Na duba. Sumul.

Ya ce magatakardan da ya ƙi sa hannu ba zai karɓi wannan ba. Ya taɓa ganin haka wurin masu wanki. Maganin shi ne a huta da aiki kwana huɗu ko biyar, a riƙa shafa mai ana naɗewa, zanen yakan ɗan taso.

Sughran ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Adi," haka take kirana, wato 'yar'uwa, "kwana biyar? Damina na bakin ƙofa, da ruwa ya sauka an rufe gidan nan. Bulon da muka buga a makon nan shi za mu ci har kaka. Yatsa zai huta, ciki kuma wa zai ba shi haƙuri?"

A rikisha muna dawowa dabara ta zo mini. Mai gidan bulo ba ya tambayar hannun wa ya buga, bulo kawai yake dubawa a layin kowane gida. Mata talatin da ɗaya sun riga sun dangwala, yatsunsu sun gama nasu aikin.

Lahadi, 19 ga Yuni, da rana

Na zagaya tun da safe. Sha huɗu sun yarda za su shiga laka a madadin sha ɗaya. Zarina ce ta uku da ta ce za ta, har yanzu ba ta kallon idona.

Da na dawo na tarar da yayana Lala Fida a tsakar gida, ya cire rawani yana fifita da shi. Ya ce wani babban mutum ya aiko shi. Ba zan rubuta sunan ba. Mutumin yana da gonaki daga bakin hanya har kogi, kuma yana da hannu a masana'antar. Ya ce in na janye sunana daga ƙarar, Tanwir kuma ya faɗi sunan mutum biyu da ya gani kusa da sito, to kafin Juma'a za a cire shi daga shari'ar gaba ɗaya, har mota za a ba da ta kai shi asibiti. Lala ya ce 'yan ƙungiya za su ɗauki hotona su kai Lahor a tafa musu, ni kuma a bar ni da gawa.

Kalmar da ya faɗa ke nan.

Ba mugunta ta kawo shi ba, shi ya yi wa Tanwir huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Na ce zan yi tunani. Na zuba masa shayi, rabi ya zube a faranti.

Litinin, 20 ga Yuni, da Magariba

Rana ta farko a laka. A tsugune ake yi, ka cika ma'auni, ka shafe, ka kife, ka matsa gaba. Kafin hantsi bayana ya daina zama nawa.

Su kuma sha ɗayan suna zaune a inuwar bango, kowace da babban yatsa a naɗe da tsumma da man shanu, a ɗage sama kamar amare ranar lalle. Sughran tana ba da umarni. Wai bulona ya karkace kamar bakin surukarta. Wai yau yatsanta ya ci man shanun da bakinta bai gani ba tun bikin 'yarta, tana tsoron kada ya saba. Mai gidan bulo ya zo ya tsaya yana kallo, ya tambayi ko wane sabon addini ne wannan. Ta ce masa na kotu ne, bai kai nan ba tukuna.

Mijinta shekara biyu da rabi yana ciki. An kusa gama shari'arsa aka ɗauke alƙalin. Ban taɓa jin ta yi kuka ba.

Talata, 21 ga Yuni

Laka. Bayana. Ban ba Lala amsa ba.

Laraba, 22 ga Yuni, bayan La'asar

Na bar laka da hantsi na tafi ziyara.

Mutum biyu ne suka riƙo shi zuwa waya. Kumburin ya hau hannu, ya hau fuska, idanunsa sun zama ƙanana. Bai yi mini wasan takalmi ba.

Na gaya masa saƙon Lala. A cikin wannan hayaniya dole na ɗaga murya, na faɗi abin da ko a ɗaki ban so in faɗa ba. Ya jingina goshi da waya ya ce, "Ammi, sunan wa zan ba su? Ban ga kowa ba. Waɗanda suka riƙo ni ɗin nan, su ke ɗaga ni in yi alwala. Cikinsu zan zaɓa?"

Na ce to in ka mutu fa. Ban san zan faɗa ba sai da ta fita.

Ya ce in ƙarasa abin da na fara.

A hanyar dawowa motar ta bi ta gaban gidan mutumin nan. Na sauka. Na tsaya a tsallaken titi ina kallon koren ƙyaurensa, har mai gadi ya fara kallona. Ban san tsawon lokacin ba. Ba zan ce ban yi niyyar shiga ba, littafin nan nawa ne, ba sai na yi masa ƙarya ba. Wata mota ta zo na hau.

Na aika wa Lala cewa a'a.

Alhamis, 23 ga Yuni, da yamma

Shah Ji ya zo gidan bulo da La'asar. Aka kwance tsummoki, aka wanke yatsu da ruwan ɗumi, aka shanya. Ya ce tawada kaɗan, kada a danna, a mirgina daga gefe zuwa gefe kamar ana lallashin jariri. Shi ya riƙa kama hannun kowace da kansa, tsohon da ke mitar rikisha.

Zanen ya fito. Siriri ne, amma ana gani. Na Sughran sai a karo na uku. Ta ɗaga takardar sama tana dubawa ta ce ashe haka take da kyau ba a taɓa gaya mata ba.

Arba'in da biyu. Shah Ji ya juyo ya ce saura uwar tafiya.

Na miƙa hannu, sai a lokacin na dube shi da kyau. Fatar hannuna ba ta saba da laka ba. Tun Talata ya yi bororo, jiya ya fashe, yau fatar babban yatsan ta saɓule, jan nama ne a fili. Ina ta ɗaure shi da tsumma ina ci gaba da aiki, ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa ban dangwala ba. Na ƙirga kowa ban ƙirga kaina ba.

Ko Sughran ba ta yi wasa ba, wannan ya fi ba ni tsoro.

Da na dangwala tun ranar Alhamis da ya ce in yi, da yanzu an gama. Sau biyu ke nan girman kaina yana tsayawa tsakanin ɗana da asibiti.

Shah Ji ya kira Baji a waya. Suka daɗe. Ya ce akwai hanya ɗaya: ya ɗauki na hagu, ya rubuta a ƙasa cewa na dama yana da rauni, ni kuma in je da kaina magatakarda ya ga raunin. Ko ya karɓa ko ya ƙi, wannan nasa ne. Na hagun ya ɗan goge amma bai fashe ba. Ya fito.

Gobe motar farko.

Juma'a, 24 ga Yuni, bayan La'asar, a mota

Rubutun zai karkace, hanya ba kyau.

Awa uku zuwa birni. Ofishin magatakarda yana rufewa da wuri ranar Juma'a, mun shiga saura minti arba'in. Mutum ne siriri mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma. Da ya zo kan na matan bulo ya daɗe. Ina jin bugun zuciyata a cikin yatsan.

Tawa ya ajiye gefe. Ya ce mace dama. Baji ta fara bayani, ya ɗaga mata hannu, ya ce mai yatsan ta yi magana. Na kwance tsumman na ɗora hannun a teburinsa. Ya tambayi me ya same shi. Na gaya masa duka, da Saraiki, harshenmu na gida, don Urduna gudu yake yi in na tsorata. Na gaya masa sa hannun, da laka, da man shanu.

Ya cire tabarau ya sa ɗayan. Ya ce shekararsa ashirin da shida a kujerar nan bai taɓa jin an yi wa yatsa hutu ba. Ya yi rubutu a gefen takardar, ya juyo da ita gabana ya ce tunda an ce na iya, in rubuta sunana a ƙarƙashin yatsan, ya zama shaida biyu. Da ciwon da komai na riƙe alƙalamin.

Ya buga lamba, ya ba mu ranar sauraro. Laraba, ashirin da tara.

Baji ta saya mini ruwan rake a bakin ƙofa. Ita ce ta yi kuka, ni yunwa kawai na ji.

Litinin, 27 ga Yuni, da safe

An aiko daga gidan yari cewa ya daina cin abinci sosai. Kwana biyu. Allah, kwana biyu kawai.

Laraba, 29 ga Yuni, da Magariba

Mu talatin da takwas muka je, a motar da ƙungiya ta ɗauko. Ɗakin yana da sanyi har na ja mayafi. Alƙalai biyu ne a sama. Yawancin maganar da Turanci aka yi, sai na riƙa karanta fuskar Baji.

Lauyan gwamnati ya ce ana kan duba sunaye. Wannan na gane, don babban alƙalin ya maimaita da Urdu, ya tambaye shi wata nawa ake dubawa. Ya ce goma. Alƙalin ya tambaya ko sunayen suna da tsawo ne haka. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce masu ƙara su miƙe. Muka miƙe, benci huɗu. Ya dube mu, ya dubi takardun, ya daɗe a kan ɗaya, ban san ta wa ba.

A waje Baji ta fassara mana. Daga Litinin za a aro alƙali daga gundumar da ke kusa, ya riƙa zama a kotunmu Litinin da Alhamis. Marasa lafiya za a fara ji, sai waɗanda suka fi daɗewa. Masu naɗi kuma an ba su kwana talatin su kawo amsa a rubuce. Maganar bayyana sunaye da sa mata an ajiye ta sai bayan hutu.

Baji ta ce rabi muka samu, kuma alƙalin aro ana iya janye shi ranar da aka ga mun yi barci. Na ji ta. Amma ni Litinin kawai nake ji a kunnena.

Na ji kunyar Sughran, don mijinta ya fi kowa daɗewa, ga shi nawa zai riga shi. Na fara yi mata magana ta ture ni da kafaɗa. Ta ce, "Naki ya fi kumbura, Adi. Nawa ƙashi ne zalla, ƙashi kuwa yana jira."

Litinin, 4 ga Yuli, bayan La'asar

Ruwan farko ya sauka da asuba, hanya ta yanke. Tara ta yi, goma ta yi, babu alƙali. Akawu ya fara jawo fayil ɗin da yake rubuta sababbin ranaku, na tashi na tsaya a gabansa. Ya mayar da alƙalaminsa aljihu.

Sha biyu saura ya iso, ƙafar wandonsa duk taɓo. Gajere ne, yana tari. Ya zauna ya ce a kira na farko.

A kan kujera aka shigo da Tanwir. Alƙalin ya karanta takardar likita, ya dube shi, ya tambayi mai gabatar da ƙara ko akwai wanda ya ce ya gan shi da ido a wurin sito. Aka juya takardu, aka ce babu tukuna. Ya ba da beli, ya ce a wuce da shi asibitin birni yau. Lala Fida ne ya tsaya masa, ban ma san ya zo ba sai da na ji muryarsa a bayana.

Na duba agogon bango lokacin da aka fara, na duba da aka gama. Minti shida.

Wata tara, saboda minti shida.

Laraba, 6 ga Yuli, da hantsi, a asibiti

Likita ta ce ƙoda ɗaya ta tafi, ba za ta dawo ba. Ɗayar za a iya ceto ta. Ta ce da an kawo shi tun watan Maris da duka biyun suna nan. Ta faɗa tana rubutu, ba ta san abin da ta faɗa mini ba. Na fita baranda na tsaya.

An yi masa wankin jini jiya. Yau idanunsa sun ɗan buɗe. Ya sha rabin kofin shayi, ya ce babu sukari, wai gara na gidan yari. Na riƙe hannunsa, babu waya a tsakani. Yana barci yana farkawa yana duba ko ina nan.

Shari'ar ba ta ƙare ba, beli ne kawai. Sauran goma sha ukun suna ciki. Baji ta kira ta ce kwana talatin ɗin sun fara tafiya, kuma an fara raɗe-raɗin sunan wanda ake so a zaunar, ɗan'uwan matar mutumin nan mai koren ƙyaure ne. Yanzu na gane maganar kunne. Ta ce tana so benci ya cika duk ranar zama, alƙalin aro ya gani, masu kai labari su kai.

Gobe Alhamis. Mijin Sughran ne na huɗu a jeri.

Na yi niyyar in aika mata cewa ba zan iya barin gadon nan ba, za ta gane. Tanwir ya ji ina gaya wa Lala. Ya buɗe ido ya ce wa zai riƙe Khala Sughran in ta tashi zagin alƙali.

Lala ya ce zai zauna da shi daga safe har in dawo. Na nuna masa maganin da ake ba shi kafin abinci da wanda ake ba shi bayan abinci, na rubuta a jikin kowane kwali da manyan baƙaƙe, don idonsa ya yi rauni.

Motar farko ƙarfe shida take tashi.